Malamina ya yi ritaya da makullin ofis a aljihu, ni aka ce in karɓo

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin jami'a ne, zanen gine-gine na karanta. Wata biyar ke nan da shugaban jami'armu ya naɗa ni daraktan tsare-tsaren gine-gine da filaye. Ranar da takarda ta fito har walima abokai suka sa na yi, yau kuwa ko barcin kirki ba na samu. Nan da wata huɗu hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, za ta turo masu tantance wani sabon sashe da muka buɗe, malamansa tara suna cushe a ɗaki biyu. Shugaban jami'a ya kira ni ya ce in samo musu wuri ko ta halin ƙaƙa. Inda ya dace wasu ofisoshi ne a jere a tsohon gininmu, uku daga ciki a kulle. Ɗaya na wani ne da aka ba muƙami a Abuja, shekara shida bai dawo ba. Ɗaya an cika shi da karyayyun kujeru. Na uku, wanda ya fi girma, na Farfesan da ya koyar da ni ne. Shi ya duba aikin digirina na biyu, shi ya karɓa mini aure. Ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba, amma littattafansa na ciki. Ga kuma wani shugaban tsangaya da ya sa wa babban ɗakin lacca kwaɗo, wai da kuɗin da tsangayarsa ta nemo aka gyara shi. Maiɗakina ta ce in ajiye muƙamin kafin in ɓata da wanda ya zame mini uba. Malam, in ajiye ne?

Wa alaikumus salam, Darakta.

Kada ka ajiye. In ka ajiye yau, jibi za a naɗa wani, kuma wanin nan Farfesa bai karɓa masa aure ba. Takarda zai sa sakatare ya buga, masinja ya kai gidan Farfesa ya miƙa wa yaron da ya buɗe ƙofa. In mako biyu suka cika a kira kafinta ya ɓalle ƙofar, a jibge littattafan a baranda. Ofishin dai zai fita daga hannun malaminka ko kana kujerar ko ba ka nan, tunda malamai tara ba za su dawwama a ɗaki biyu ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne yadda zai fita, kuma a duk jami'ar ba wanda zai iya yi masa wannan da mutunci kamar ka.

Na yi shekaru masu yawa a ofishin magatakardar wata jami'a kafin in huta, na ga daraktoci irinka sun zo sun tafi. Abin da ke hana ka barci na san shi. A jami'a ofis ba ɗaki ba ne kawai, muƙami ne da ake gani da ido. Girman tagarsa, ko yana da banɗaki a ciki, ko akwai ɗan zaure na sakatare kafin a iso ka, duk lissafi ne da manyan malamai ke yi ko da ba su faɗa ba. Na taɓa ganin Farfesoshi biyu, abokai tun suna ɗalibai, sun yi shekara ba sa gaisawa a kan na'urar sanyaya ɗaki. Kai kuma an ba ka rabon wannan abin ba tare da ma'auni ba. Ba ka da ƙidaya, ba ka da rubutacciyar ƙa'ida, don haka duk wanda ka taɓa zai ce Darakta ne ya taɓa shi, duk wanda ka bari a ce ɗan gidanka ne. Matuƙar fuskarka ce ma'aunin, to kowane hukunci gaba ce. Aikinka na watan farko shi ne ka janye fuskarka, ka sa takarda a gurbinta.

Ka fara da ƙirga. Ban ce ka aika wa shugabannin sassa takarda su rubuto maka ɗakunan da suke da su ba, domin kowa ƙarancin da yake ciki zai rubuto, ba wanda zai ce yana da rara. Ka ɗauki littafi da awo, ka nemi dattijon masinjan da ya fi kowa daɗewa a ginin, da matan da ke shara da sassafe. Su suka san ƙofar da ba a buɗe ba tun bara, su suka san ofishin da aka mayar wajen ajiyar takardun jarrabawar da gara ta gama da su, da wanda wani ya ba ƙaninsa ɗalibi yana kwana. Ƙurar da ke kan kwaɗo da yanar gizo-gizon da ta haɗa ƙofa da bango sun fi kowace takarda gaskiya. Ka ba kowane ɗaki lamba, ka rubuta faɗinsa, da wanda ke riƙe da makulli, da ranar ƙarshe da aka ga an shiga.

Ɗakunan lacca kuwa lissafinsu daban ne, kuma kai masanin gini ka san shi, sai dai a tuna maka. Tambaya biyu ake yi wa kowane ɗaki: sa'a nawa ake amfani da shi a mako, kuma in ana amfani da shi kujera nawa ke da mutum. Ɗauki ɗaki mai kujera 200. In mako na da sa'a 40 na karatu, ana shigarsa sa'a 20, rabi ke nan. In duk shigar ɗalibai 80 ne ke zama, kashi 40 cikin ɗari ke nan na kujerun. Ka haɗa biyun, wato rabin kashi 40 ɗin, za ka ga kashi 20 cikin ɗari kacal ake mora daga ɗakin da kowa ke rantsuwa ya yi kaɗan. Ka sa ɗalibanka na aji huɗu su zagaya sa'a-sa'a har mako biyu suna rubutawa, su ma darasi ne a gare su. Ba na musun cunkoso, duk wanda ya ga 'yan aji ɗaya suna ɗaukar darasi ta taga ya san gaskiya ne. Amma ina kyautata zaton abin da za ka tarar shi ne kowa na son ƙarfe 10 zuwa 2, daga Litinin zuwa Alhamis, ana turmutsutsu a ɗaki ɗaya, na kusa da shi kuma mutum 15 na zaune a wurin mutum 150 don kawai ɗakin na sashensu ne.

Wani zai ce maka ka huta da duk wannan, a rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a gina sabon bene. Ka rubuta, aikinka ne. Asusun nan, wanda aka kafa da doka a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, aka sake masa suna da fasali a 2011, shi ya gina da yawa daga cikin sababbin gine-ginen da kake gani a jami'o'in gwamnati. Amma ka san hanyarsa: zane, ƙiyasin kuɗi, amincewar farko, tallar kwangila bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, sannan kuɗin su fito kashi-kashi, ba a sakin na gaba sai an zo an ga na baya. A wata huɗu ko tushe ba ka haƙa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma tuna da rahoton kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 don duba bukatun jami'o'i, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya shugabanta lokacin yana TETFund. Sun ƙirga ayyukan gini 701 da ba a kammala ba, 163 daga ciki an yi watsi da su gaba ɗaya. Ina jin a taku jami'ar ma ba za a rasa wani kango da ya tsaya a linta ba, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunansa, awakin ƙauyen makwabta na shan inuwa. Kowane shugaba na son ginin da za a manna allo da sunansa, ba mai son gyaran silin da jemagu suka ɓata. Daraktan kirki shi ne wanda zai iya cewa, ranka ya daɗe, kafin mu roƙi sabo ga abin da muke da shi a kulle.

In ƙidaya ta kammala, sai ka koma wajen shugaban jami'a. A nan zan ɗan ja kunnenka. "Ko ta halin ƙaƙa" magana ce ta baki, ranar da ƙura ta tashi ba ta cikin fayil. Wa'adin shugaban jami'ar tarayya shekara biyar ne, zango ɗaya, ya gama ya tafi. Kai kana nan, da mutanen nan za ka ci gaba da haɗa sahu a masallaci, su za su zauna a kan takardun ƙarin girmanka. Ka rubuta masa gajeriyar takarda: ga abin da muka ƙirga, ga abin da sabon sashe ke bukata, ga ƙa'idar da nake ba da shawara. Ka roƙe shi ya kai ta gaban kwamitin da ke kula da rabon wurare, in babu a kafa, a sa mataimakinsa ya shugabanta, da magatakarda, da daraktan tsare-tsaren karatu, da wakilan shugabannin tsangayoyi, kai kana sakatare ko mamba. Ƙa'idar ba sai ta wuce shafi ɗaya ba. Ta ce duk ɗakin da ke harabar nan na jami'a ne, aro ake ba sashe. Ta faɗi wata nawa wanda ya yi ritaya ko ya tafi aikin wani wuri ke da shi kafin ya miƙa makulli. Ta faɗi abin da za a tanada wa tsofaffin Farfesoshin da har yanzu ke duba ɗaliban digiri na uku. Ranar da aka sa mata hannu, ka tashi daga mai ƙwace ofis ka koma mai aiwatar da abin da aka zartar.

Sannan ka fara da kanka. Ba ka faɗa a wasiƙarka ba, amma na san yadda abin yake: kana da ofishin Darakta, kuma tsohon ofishinka na sashe yana nan a kulle, kana cewa ai muƙami na ɗan lokaci ne. In haka ne, shi za ka fara miƙawa, a gaban mutane, ka nemi tebur ɗaya a ɗakin wani abokin aiki don ganin ɗalibanka. Bayan naka sai ɗakin karyayyun kujeru, wanda ba ya bukatar komai sai kwamitin da ke tantance kayan da suka lalace ya zo ya rubuta, kada ka kwashe da kanka a wayi gari masu binciken kuɗi na tambayarka ina kujerun gwamnati. Sai mutumin Abuja. Shi waya ce da takarda, kuma yawanci irinsu kunya ce ke kama su, su turo direba ya kwashe. Farfesa shi ne na ƙarshe, don in ka isa gare shi ya zamana ba shi aka fara nuna wa yatsa ba.

Shugaban tsangaya mai kwaɗo ba zan daɗe a kansa ba. Yana da gaskiya rabi. Wanda ya yi fafutukar neman kuɗi ya gyara ɗaki, ya ga wasu sun zo sun karya kujeru sun tafi, dole ransa ya ɓaci. Ka ba shi haƙƙinsa: tsangayarsa ta fara zaɓar sa'o'inta a jadawali, ragowar su shiga jadawalin jami'a, makulli ya koma hannun ma'aikaci ɗaya da ke buɗewa da rufewa yana rubuta wanda ya shiga, ɓarna kuma a ɗora wa sashen da ya yi ta. In ka ajiye masa takardar da ke nuna sa'o'in da ɗakin ke rufe alhali yara na tsaye a rana, a gaban takwarorinsa, ba kai za ka yi masa magana ba, su za su yi.

Yanzu Farfesa.

Tun 2012 doka ta kai shekarun ritayar Farfesa 70, don haka malaminka ya haura saba'in da wajen uku. Ka tsaya ka yi tunanin abin da ɗakin nan yake a wurinsa. Mutum ya yi shekara arba'in yana fitowa da safe ya san inda za shi, ana miƙewa in ya shigo, ana jiran sa hannunsa. Rana ɗaya aka yi liyafa, aka ba shi agogon bango da allon yabo, waya ta daina ƙara. Makullin da ke aljihunsa shi ne abu na ƙarshe da ke ce masa har yanzu shi ɗan gida ne. Ba faɗin ɗakin yake so ba, tunda ba ya zama a ciki. Tsoronsa ranar da zai zo ƙofar jami'a sabon maigadi ya tambaye shi wajen wa ya zo. In ka gane wannan, ka san abin da za ka ba shi a madadi.

Kada takarda ta riga ka isa. Kada kuma ka yi masa maganar a waya ko a harabar jami'a inda idon mutane yake. Ka je gida bayan la'asar, ranar da ba aiki, da 'yar tsarabarka kamar yadda ka saba. Ka cire takalmi ka zauna inda ka saba zama tun kana ɗalibi, ba inda Darakta zai zauna ba. In an gama gaisuwa, an tambayi iyali, sai ka ce, Baba, wata matsala ce ta sha kaina na kawo maka. Ka shimfiɗa masa ita yadda take: malamai tara a ɗaki biyu, masu tantancewa na tafe, in sashen ya faɗi za a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Ka nuna masa ƙidayar, ka gaya masa ka miƙa naka. Sannan ka yi shiru. Mutumin da ya koyar da tsara gini shekara arba'in ba ya bukatar a ƙarasa masa lissafin. Sau da yawa dattijo irin wannan shi zai ce, to ai ga nawa can, me nake yi da shi? Ka bar masa wannan ƙofar ya shigo da kansa, kyautar da ya yi da bakinsa daban take da abin da aka karɓe masa.

Amma kada ka yi masa wayo. In ya tambaye ka kai tsaye ko an riga an yanke, ka ce an yanke, Baba, kuma na roƙa a bar ni in zo da kaina kafin takarda. Dattawa na yafe abu da yawa, amma ba su cika yafe a mayar da su yara ba.

Ka je da abin da za ka ba shi a hannu, ba alkawari ba. Ɗaki ɗaya mai kyau a ƙasa, ba hawa bene, kusa da banɗaki mai ruwa, a tanada wa tsofaffin Farfesoshi su biyu ko uku, kowa da teburinsa da kabad mai makulli, sunayensu a ƙofa. In ya cancanci a ba shi matsayin Farfesa na girmamawa na bayan ritaya kuma sashenku bai taɓa tura sunansa ba, ka tuna wa shugaban sashe, sai dai kada ka haɗa maganar biyu a zama ɗaya, kada ta yi kama da ciniki.

Zai iya yiwuwa ya ƙi. Zai iya ɓata rai, ya ce yanzu kai ne za ka fitar da ni, ya ma kira wani babba ya kai ƙararka. In haka ta faru kada ka yi musu, kada ka kare kanka, ka ba shi haƙuri ka tashi. Bayan kwana biyu ka nemi wani sa'ansa da yake jin nauyi, abokin karatunsa ko limamin unguwarsu, ya je ya tausa shi. Takardar kwamiti ta bi hanyarta daga ofishin magatakarda da wa'adinta, ba da sa hannunka ba. Kai kuma kada ka ɗauke ƙafa. Ranar Juma'a ka je gaisuwa, da salla ka kai yara. Ko ya sha maka toka wata shida, ka ci gaba da zuwa. Abin da zai tabbatar masa cewa muƙami ya canja ka shi ne ya ga ka daina zuwa, ba ofishin ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da na san za a raɗa maka, in ma ba a riga an yi ba: a aro ofisoshin na mako ɗaya, a cire allunan ƙofa a manna na sabon sashe, a baza kafet, masu tantancewa su zo su gani su tafi, kowa ya koma inda yake. Ana yi, har kayan ɗakin gwaje-gwaje ana arowa. Kada ka sa hannunka. Masu zuwan nan malaman jami'a ne irinka, sun san ƙamshin sabon fenti, kuma ko sun kau da kai, washegari malamanka tara na nan a ɗaki biyu, kai kuma ka koya wa kowa cewa ofishinka wajen shirya wasan kwaikwayo ne.

Maiɗakinka kuwa ba ta yi laifi ba, alkunya take tsare maka, kuma ita ce za ta haɗu da matar Farfesa a gidan suna. Ka zaunar da ita ka gaya mata yadda ka tsara. In da hali ku tafi tare ranar, ita ta shige cikin gida wajen Hajiya, kai ka tsaya a falo. Ba mamaki ka tarar Hajiyar ta daɗe tana yi masa maganar ya kwaso littattafan nan kafin gara ta cinye.

Littattafan ma kada ka bar su ga leburori. Ka tambaye shi waɗanda yake so a gida da waɗanda zai bar wa ɗakin karatun sashe, a ware musu kanta a rubuta sunansa a sama, a buga hatimi a kowanne. Ranar kwasa ka zaɓi Asabar da ba kowa a ginin, ka samo kwalaye masu ƙarfi, ka kira tsofaffin ɗalibansa uku ko huɗu da ke koyarwa yanzu. Ku sa masa kujera a bakin ƙofa ya zauna yana faɗin wanda za a sa a wane kwali. Za a daɗe, domin kowane littafi ya ɗaga sai ya ba ku labarin inda ya saye shi, kada kowa ya duba agogo. A cikin kabad ɗin ƙasa, inda ake jera ayyukan ɗalibai masu baƙin bango, akwai naka na digiri na biyu da jan biron da ya yi maka gyara. Wannan ka roƙe shi ya bar maka.